Fentin da Ya Ƙi Bushewa

Ranar Asabar da hantsi Kawuna Ɗanasabe, kafinta a Unguwar Shanu, ya kawo mini kes a kan kura. Ɗan shago ne na katako mai rufin kwano, da ƙofa ɗaya a baya, da 'yar taga a gaba inda za a riƙa miƙa wa mai saye kaya. Tun da aka kawo ni Rafin Guza, wata takwas ke nan, ba ni da burin da ya wuce in riƙa sayar da zobo da kunun aya a ƙofar gida. Ga shi Allah ya kawo. Sai dai katakon zallarsa ne, ko ɗigon fenti babu, ga damina kuma ta matso, kullum da yamma sai hadari ya leƙo ta gabas ya koma.

"Ki saurara da kyau, 'yar nan," in ji Kawu. "Katakon da zai kwana a waje ba ya son gaggawa. Sai an goge shi da samfefa ya yi sumul, a toshe ramukan ƙusa, a shafa fentin shimfiɗa a bar shi ya bushe. Sannan fentin mai, sau biyu, kowanne da kwanansa. Ina da aikin rufi a Hayin Banki, amma Asabar mai zuwa zan zo in yi miki da hannuna. Kafin nan kada kowa ya taɓa."

Da ya ce "kowa", na ga inda idonsa ya sauka. Maigidana yana tsaye jikin Kekensa mai ƙafa uku na haya, ya harɗe hannu, yana wa kes ɗin irin kallon da likita ke yi wa majinyaci.

Kawu na tafiya Hajiya Kaltume ta fito. Ita ce mai gidan da muke haya, ta yi aikin gwamnati har ta yi ritaya, kuma daɓen ƙofar gidanta sau biyu ake share shi a rana. Ta zagaya kes ɗin, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa.

"Na yarda ya zauna nan, Harira, amma da sharaɗi. Zan tafi biki Zariya, Juma'a zan dawo. In na tarar ya ƙazantar mini da ƙofar gida, ranar zai bar nan. Kin ji?"

"Na ji, Hajiya."

Motarta ba ta gama shan kwana ba Maigida ya naɗe hannun riga.

"Asabar wai! Ruwan sama yana jiran Asabar ne? Harira, kin san wanda kika aura kuwa? Wata uku cur na yi ina kai masu fenti wani gini a Abuja, in ɗauko su da yamma. Babu sirrin da ban gani ba."

"Kawu ya ce…"

"Kawu mutumin kirki ne, amma iliminsa na da ne. Ni fentin da zan yi wa kes ɗin nan sai ya ga damina ashirin bai ɗaga ba. Daga nan mutane za su fara tambaya wa ya yi. In ajiye Keke, in buɗe ofis a Kawo, a rubuta babban allo: Sharhabilu da 'Ya'yansa, Masu Fenti."

Na sunkuyar da kai, don 'ya'yan ko na farko bai kama hanya ba.

Ranar Lahadi na miƙa masa samfefar da Kawu ya bari. Ya jujjuya ta, ya mayar mini. Wai goge-goge na mai kaushin ƙafa ne. Ya hau Keke ya tafi gareji wajen abokinsa bakanike, ya dawo da jarka biyu na baƙin mai, wanda ake juyewa daga inji in ya gama aiki. Ya ɗaura tsumma a sanda ya shiga lafta wa kes ɗina ta waje, sama da ƙasa.

Malam Isa tela, wanda shagonsa ke kallon ƙofarmu, ya tsayar da ɗinki ya leƙo.

"Injiniya, wannan fa?"

"Maganin gara da ruwa ne, Malam Isa. Ka taɓa ganin gara ta ci inji?"

"Ban taɓa ba."

"Ka taɓa ganin ruwa ya zauna a kan mai?"

"Shi ma ban taɓa ba. Sai dai fenti ma ban taɓa ganin ya zauna a kai ba. Katakon rufin ɗaki ake shafa wa wannan, wanda ba mai ganinsa sai ɓera da jemage."

"Kai da allura ka saba. Na taɓa zuwa shagonka na koya maka yanka wuyan riga?"

"Ai da ka zo, da yanzu rabin Rafin Guza ba mai iya zura kai a riga."

Maigida ya yi kamar bai ji ba, ya ƙara wa kes ɗin shafi na biyu don haushi.

Litinin ya zo da galan ɗin fenti shuɗi da sabon buroshi. Ya taka kujerata ta tsakar gida, ya shafa layi ɗaya a sama, ya sauko ya ja baya don ya duba. Fentin ya riga shi saukowa. Ya sake hawa, ya sake shafawa, fentin ya sake gangarowa ya tsaya a gindin kes yana jiransa. Suka wuni a haka, shi yana hawa fenti yana sauka. Kafin La'asar kes ya koma wani launi da ba shi da suna, ba shuɗi ba, ba baƙi ba. Balki maƙwabciyarmu ta wuce da tulu, ta ce ita dai ta san launin, irin na kwatar bayan gareji ne.

Maigida ya zauna a dakali ya yi tagumi. Can sai ya zabura.

"Harira! Miya in ta tsinke me kike yi mata?"

"Ina ƙara kuka."

"To kin ji! Fentin nan tsinkewa ya yi. Kawo kuka."

Na ɗauka wasa ne har sai da na ga ya fito daga madafa da robar kukata, wadda nake sa ran ta kai mu ƙarshen wata. Ya juye ta kaf a bokitin fenti, ya sa muciyata yana tuƙawa. Gaskiya ya yi kauri. Da ya ɗaga buroshi sai wani zare ya biyo shi tun daga bokiti har jikin kes bai tsinke ba.

"Ka ga aiki!" in ji shi, yana ɗaga murya don Malam Isa ya ji. "Wannan ko Turawa ba su kai nan ba."

"Ba su kai ba," in ji Malam Isa. "Kuma ba za su zo ba."

Talata da safe na leƙa. Kes ya kwana bai bushe ba, sai ƙyalli yake yi. Ƙudaje sun zo gaisuwa sun kasa komawa. Wani jan ƙadangare ya hau har tsakiya, ƙafafunsa huɗu sun kafe, ba abin da ke motsi sai kansa.

"Duba," in ji Maigida, "ko shi gyaɗa kai yake yi. Ya yarda da aikin."

Ƙadangare dai na sa kara na cire shi bayan Maigida ya fita. Awakin Balki ne ban iya da su ba. Sun jiyo ƙanshin kuka, su biyar suka zagaye kes suna lasa kamar an ajiye musu kanwa. In na kori wannan waccan ta dawo. Kafin Maigida ya dawo cin abincin rana sun lashe iyakar inda wuyansu ya kai, suka bar kes kamar wanda ya tattare zani zai tsallake rafi.

Balki ta iso tana jan bunsurunta da igiya. Gemunsa ya koma shuɗi, bakinsa baƙi ƙirin.

"Sharhabilu, fito ka ga abin da ka yi wa dabbata! Jibi za a zo ganinsa. Wa zai sayi bunsuru mai shuɗin gemu?"

"Ke ya kamata ki ba ni haƙuri, Balki. Sun cinye mini aikin kwana biyu."

"Wa ya ce ka yi girki a bango?"

"Ai sai ki gode. Bunsurun nan gara ba za ta taɓa cinsa ba har ya mutu."

Balki ta juyo kaina. "Ke kuma Harira kina tsaye kina kallo?"

Lissafin kwanakin da suka rage kafin Juma'a kawai nake yi a zuci. Na jawo mayafi na koma ciki.

Laraba Maigida ya ce ya gano maganin awaki. Dakakken barkonon da Inna ta aiko mini daga Funtuwa, wanda ko buɗe gwangwaninsa sai na kawar da fuska, shi ya juye a sauran fentin, ya sake bin kes da shi tun daga rufi har ƙasa. Awaki suka zo da gudu. Ta gaba ta lasa sau ɗaya, ta tsaya cak, ta yi wani kuka irin na mutum, ta ranta a na kare, sauran suka bi ta. Ba su tsaya ba sai bakin titi.

"Ɗaya ba ko ɗaya!" in ji Maigida, kamar mai kallon ƙwallo.

Amma da rana ta take, kes ya ɗauki zafi, sai ya fara rama wa awaki. Duk wanda ya gifta ta ƙofarmu sai ya yi atishawa uku. Mai tallan gwanjo ya yi biyar, kayansa suka zube. Malam Isa ya yi wata atishawar da ta sa ya ɗinke aljihun rigar wani da hannunta.

Alhamis Maigida ya dangwala yatsa a jikin kes, yatsan ya dawo da rabonsa.

"Iskar garin nan ce ba ta da kyau," in ji shi. "A Abuja da injin zafi suke busarwa. To mu ma muna da namu."

Ya cika kaskona da gawayi, ya hura har ya yi ja, ya ajiye a tsakiyar kes, ya rufe ƙofa da taga. Ba a yi minti goma ba hayaƙi ya fara tsattsafowa ta tsakanin katako, baƙi, mai yaji. Iska ta kwashe shi ta bi layi da shi gida-gida. Mata suka fito da goyo suna tari. Tsofaffin da ke hira a gindin dalbejiya suka watse, har da wanda aka ce shekara biyu bai yi tafiya ba sanda ba. Kaji suka haye katanga. Ni ma na fito da jiƙaƙƙen tsumma a hanci, ina kallon kes ɗina ina karanta duk addu'ar da na iya, kada ya kama da wuta.

Malam Isa ya tsallako da bokitin ruwa, idonsa jawur, hawaye na zuba.

"Injiniya," ya ce, yana tari, "ka sa mai, ka sa kuka, ka sa yaji, ga shi ka ɗora a wuta. Saura daddawa. Ka faɗa mana lokacin da za a sauke, mu zo da tuwo."

Ya fizge ƙofar ya sheƙa ruwan a ciki. Wasu ma suka kawo nasu, bokiti ya kai shida. Wuta ta mutu, cikin kes kuwa, da ba a shafa masa komai ba, ya sha ruwa ya ƙoshi.

"Kun katse mini aiki saura kaɗan ya bushe," in ji Maigida. "Hassada ce. Amma gobe kowa zai gani."

Juma'a da safe ya ɗauko zanin gadona na aure, mai furanni, ya lulluɓe kes da shi. Wai haka ake yi wa sabon gini kafin a buɗe. Ya ce in haɗa zobo kula biyu na walima. Na haɗa. Shi kuwa ya sa farar shaddarsa ya tafi masallaci, ana sallamewa ya bi mutane ɗaya-ɗaya yana gayyata. Kuma sun zo. Bayan abin da aka sha jiya, ba wanda zai yarda a ba shi labari.

Jama'a sun cika ƙofar gida, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, sai ga motar Hajiya Kaltume. Ta sauko cikin farin leshi, ta dubi taron, ta dubi zanin gado, ta ja hanci, ta yi atishawa.

"Lafiya? Wa ya rasu?"

"Buɗe aiki ne, Hajiya," in ji Maigida. "Kin zo a kan gaɓa. Jama'a, yau za ku ga fentin da ruwa ke jin tsoro!"

Ya kama gefen zani ya ja. Zani ya ƙi. Ya ƙara ja, ya ƙi. Ya tokare ƙafa a jikin kes ya fizga da ƙarfinsa duka. Zanin ya ɓantaro da ƙara, ya taho da rabin fentin, ya naɗe shi tun daga hula har gwiwa. A daidai nan sama ta saki ruwa.

Kowa ya san abin da kuka ke yi in ta ga ruwa. Kes ya fara zubar da yauƙi ta kusurwa huɗu, kore da shuɗi da baƙi, yana malala a kan daɓen Hajiya a hankali kamar mai neman wani. Ya kuwa same ta. Ta ɗaga ƙafa, takalmin ya zauna. Ta ja da baya, gefen leshinta ya sha.

"Innalillahi! A ɗauke shi! Yanzun nan, ba sai an jima ba! Haruna, kawo kurarka!"

Haruna mai kura da wasu maza biyar suka zagaye kes. Suka ce bismilla suka ɗaga, ya zame daga hannunsu kamar tarwaɗa. Suka sake kamawa, na gaba ya yi atishawa ya saki, na baya ya zauna daɓas, santsi ya tafi da shi har bakin kwata.

"Hajiya," in ji Haruna, yana duba tafin hannunsa, "na ɗauki firij, na ɗauki injin markaɗe, har saniya na taɓa ɗauka. Wannan ba shi da wurin kamawa."

Maigida ya samu ya warware kansa daga zani. Shaddarsa ta koma atamfa.

"Ku ba ku san dabara ba ne. Daga ciki ake ɗaga irin wannan. Ku matsa!"

Ya tura ƙofar da kafaɗa, da ƙyar ta buɗe, don ruwan jiya ya kumbura ta. Yana shiga iska ta maido ta da ƙarfi, garam! Muka ji yana nishi yana ɗagawa, kes ko gezau. Can muka ji yana jijjiga ƙofa. Can kuma sai ga kansa ya fito ta 'yar tagar gaba, kafaɗunsa sun ƙi biyowa.

"Jama'a, kada kowa ya tayar da hankalinsa. Ƙofar ce ta… ta kama sosai. Alamar aiki mai ƙwari ke nan. Atishhh! A ɗan ja ta waje."

Aka ja, marikin ya zame. Aka sa tsumma aka ja, marikin ya fita gaba ɗaya.

"Ba makawa sai an fasa," in ji Haruna. "A kawo tabarya."

Balki ta ruga da murna ta kawo tata. Haruna ya ɗaga ta sama, ya saita tsakiyar ƙofar.

Ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni ba. Na dai tsinci kaina tsakanin tabarya da kes, ruwa na dukana, na ware hannuwa.

"Kada a fasa."

Kowa ya juyo yana kallona. Wata takwas ina layin nan, rabinsu ba su taɓa jin muryata ba.

"Ƙofar na ƙin buɗuwa na kira Kawu a waya," na ce, ina kallon ƙasa. "Ya ce in ya yi La'asar zai zo ya kwance ƙusoshin ƙofar ta fita lafiya. In aka fasa, kes ya tashi aiki."

"La'asar!" in ji kan da ke taga. "Harira, saura awa guda da rabi!"

Hajiya ta matso da takalmi ɗaya, ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ke 'yar nan, mijinki ne fa a ciki."

"Na sani, Hajiya. Ai shi kaɗai ne ruwa ba ya duka."

Hajiya ta dube ni, ta dubi kan Maigida da ke leƙe ta taga, kore-kore na ɗiga daga hancinsa. Kafaɗunta suka fara rawa. Sai ta fashe da dariya, irin wadda ban taɓa jin ta yi ba, har sai da ta dafa Balki. Jama'a suka ɗauka. Haruna ya sauke tabarya ya riƙe ciki.

"Wayyo Allah, cikina!" in ji Hajiya, tana share ido da gefen gyale. "Yarinyar da ta tsaya gaban tabarya saboda sana'arta, ba ni zan kore ta ba. Kes ya zauna. Kawunki ya kankare wannan miyar ya yi abin da ya dace. Kai kuma Sharhabilu, kana fitowa ka wanke mini daɓe da hannunka, kuma in na ƙara ganinka da buroshi a gidan nan, ko na goge haƙori ne, sai ka nemi wani gidan."

"Hajiya, ai da an bar shi ya bushe…"

"Rufe mini baki, kada yaji ya shiga."

Ruwa ya tsagaita, amma ba wanda ya tafi. Kowa yana so ya ga fitowar Injiniya, ga maƙogwaro duk ya bushe da atishawa. Malam Isa ya ce shi dai da zai sami abu mai sanyi da ya saya. Na shiga gida da sauri na jawo kular zobo, na tsaya gefen taga, na zura wa Maigida gora biyu ta ƙarƙashin haɓarsa. Ya dube ni, ya dubi gorunan, ya dubi mutanen da suka fara matsowa. Ya janye kansa ciki, ya gyara hula, ya miƙo hannu.

"A bi layi, jama'a, a bi layi! Hajiya ce farko. Malam Isa, koma baya, masu hassada a ƙarshe suke!"

Kafin a kira La'asar mun sayar da kula ɗaya kaf. Ya sake zuro kai ta taga, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Kin ga jama'a, Harira? Ranar farko ke nan. Da na zauna jiran Kawu, wa zai zo?"

Na ce, "Haka ne, Maigida," na jawo kula ta biyu.